ME KE CINYE HANYAR MOTA?



Da aka ce in zo in yi muku lacca a kan karatun hanyoyi da a ke yi a jami'a, wani dattijo mai sayar da hatsi ya tare ni a bakin rumfarsa, ya ce, "Malam akawu, hanya ma har sai an je jami'a? Ashe ba ƙasa ce a zuba, a daɓe, a malala kwalta ba?" Na ce, "Baba, in haka ne, don me wadda aka yi bara waccan ta mutu, alhali kuwa an zuba ƙasar, an daɓe, an malala kwaltar?" Ya yi dariya, ya ce ai kuɗin aka ci. To, ban musa masa ba, ana ci. Amma abin da na zo in gaya muku yau shi ne, ko da ba a ci ko anini ba, hanya ta kan mutu in ba a auna abin da ya kamata a auna ba, awon nan kuwa ilmi ne, ana koyonsa shekara da shekaru. In talaka bai san komai game da shi ba, ɗan kwangila ya gaya masa ruwan sama ne ya ɓata hanya, sai ya ce Allah ya kyauta, ya koma rumfarsa.

Ku ne kuwa ku ke biya. Kwandon tumatir da ya tashi daga Kano za shi kasuwar Mil 12 a Legas, tafiyar da ta zarce kilomita 1,000 ce ke gabansa. Kowane rami ya girgiza shi, kowane kwana da mota ta ƙara a hanya ya ruɓar da na ƙasa. Mai mota ya karya sifirin, ya fasa taya, ya ɗora kuɗinsu a kan dako. Ke da ki ke kasa shi a faranti, ke ce ki ke biyan sifirin ɗin, ko da ba ki taɓa ganin hanyar ba.

Ilmin nan ba sabo ba ne. Tun cikin 1747 Faransawa suka buɗe makaranta a Paris wadda ba ta da aiki sai koyar da gina hanyoyi da gadoji, tana nan har yau. A Ingila kuma akwai wani mutumin Sikotilan, John McAdam, wanda ya rasu cikin 1836, shi ya nace a kan cewa ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗauke da nauyin duk abin da ya bi hanya, aikin tsakuwar da a ke shimfiɗawa bisa kuwa shi ne ta raba nauyin ta kuma hana ruwa shiga. Ku riƙe wannan. Kwaltar da mu ke yi wa tafi ranar buɗe hanya, sau da yawa kaurinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba. Rufi ce kawai. Hanyar tana ƙasa, inda ido ba ya gani, kuma nan ne mai son cin kuɗi ya ke ci, don ya san ba mai tonawa.

Yanzu bari in ba ku labarin wani gwaji, don shi ne zuciyar maganata. A jihar Ilinoyi ta Amurka, kusa da wani ƙaramin gari Ottawa, ba Ottawa ta Kanada ba, shugabannin ma'aikatun hanyoyi na jihohin ƙasar suka haɗa kai suka gina hanyoyi shida masu kewaye kamar filin sukuwa. Ba su kai ko'ina, ba wanda zai bi su zuwa kasuwa. An yanka kowace gunduwa gunduwa, wannan da kauri, wannan da sauƙi, wannan siminti, wannan kwalta. Ɗaya aka bar ta ba mota, don a ga abin da rana da sanyi kaɗai za su yi mata. Sauran biyar aka sa sojoji su tuƙa manyan motoci a kansu, kowace da nauyin da aka auna, suna zagawa suna zagawa, daga watan Oktoba na 1958 har watan Nuwamba na 1960. Injiniyoyi na biye da ma'auni, suna rubuta ranar da kowace gunduwa ta fara tsagewa da ranar da ta mutu. Aikin ya ci dala miliyan 27 na wancan zamani. Watau dai sun gina hanya da gangan don su kashe ta, su ga abin da ke kashe ta.

Ga abin da suka gano. Hanya ba ruwanta da yawan motoci kamar yadda ta damu da nauyin da ke kan kowane jerin ƙafafu, watau tayoyin da ƙarfe ɗaya ya haɗa daga dama zuwa hagu, wanda makanikai ke kira aksil. Kuma ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Mu a kasuwa mun saba, in mudu ya ninka, kuɗi ya ninka. A hanya ba haka ba ne. In nauyin jeri ya ninka sau biyu, ɓarna ba biyu ba ce, kusan goma sha shida ce: biyu sau biyu, sau biyu, sau biyu. Jerin da suka ɗauka ya zama ma'auni shi ne mai tan 8 da 'yan kai. Ɗora masa tan 16, to wucewarsa ɗaya daidai ta ke da wucewar goma sha shida. Ɗora masa tan 12, watau ƙarin rabi kawai, wanda kowane ɗan kamasho zai ce ba komai ba ne, ɓarnar ta haura biyar. Hanyar da aka yi lissafi za ta kai shekara 20, in duk motocin da ke binta haka su ke, a shekara 4 ta gama aikinta. Ƙaramar mota kuwa, wadda nauyin jerinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin ba, sai ta wuce wajen sau 10,000 kafin ta yi ɓarnar jeri ɗaya na tirela. Saboda haka masu tasi da masu a-daidaita-sahu, ku kwantar da hankalinku, ba ku ne ku ke kashe ta ba.

To, su wa ke kashe ta? A nan sai ku yi mini haƙuri, dattawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ke tsayawa a Dawanau ko wata kasuwar hatsi ya ce wa direba, "Ƙara mini buhu hamsin, ai mota ba ta magana"? Mu ne. Na san dalili, kuɗin dako ya yi tsada, ga na shingaye a hanya, mutum na so ya raba su a kan buhu da yawa. Wani kuma zai ce, ai in an cika lodi sawu ya ragu. Gaskiya ne. Amma ko mu ce sawu biyu sun koma ɗaya, ɓarna ta tashi daga biyu ta koma biyar. Ribar ƙarin buhunan ta shiga aljihun mutum ɗaya yau, hasarar kuwa an raba wa duk mai bin hanyar har shekara goma, har da shi mai ribar. Maganin abin sananne ne, sikelin mota, wanda tirela ke hawa a auna kowane jeri. Ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a yammacin Afirka, har da maƙwabtanmu Nijar, sun kafa dokar iyakar nauyi tun cikin 2005. Doka a takarda ba ta da wuya. Sikeli mai aiki, da ma'aikacin da ba ya karɓar na goro, su ne wuyar. In an kafa shi kuwa, a fara da motocin manyan kamfanoni masu siminti da mai da ƙarfe, kada a fara da mai buhu talatin na gero. In aka fara da ƙarami aka bar babba, sikelin ya zama wani sabon shinge ke nan.

Sai dai gwajin nan na Amurka yana da iyakarsa, kuma a nan ne maganar jami'o'inmu ta shigo. A wuri ɗaya aka yi shi, a kan ƙasa iri ɗaya, a garin da ƙanƙara ke daskarar da ƙasa da hunturu, ta narke ta jiƙa ta. Mu ba mu da ƙanƙara. Muna da rana mai tausasa kwalta har taya ta yi mata kwari, da ruwan da ke zuba na wata huɗu kamar da bakin ƙwarya, da marmara da jar ƙasa waɗanda Bature bai san su a garinsu ba. Turawan Ingila da kansu sun gane haka, shi ya sa cikin 1962 ma'aikatarsu ta binciken hanyoyi ta fitar da littafi dabam don ƙasashen zafi, Takardar Hanya ta 31, aka yi ta gyara shi bayan nan. Wani masani ɗan Gana, M. D. Gidigasu, ya rubuta babban littafi cikin 1976 a kan jar ƙasa kaɗai da halinta a aikin gini. Jar ƙasar nan da mu ke takawa ba mu ko dubanta, ta ishi mutum karatun rayuwarsa.

Yaya a ke sanin ƙarfin ƙasa? Akwai wani awo da aka ƙago a Kalifoniya wajen 1930, duk ɗalibin injiniya ya kan yi shi da hannunsa. A ɗebo ƙasar wurin, a daɓe ta cikin wani kasko na ƙarfe, a nutsa ta a ruwa kwana huɗu, sa'an nan a danna mata turmin ƙarfe a ga ƙarfin da a ke bukata kafin ya shige. Dakakken dutse mai kyau shi ne 100. Laka ta kan ba da 2 ko 3. Da wannan lamba, da lissafin motocin da za su bi, a ke yanke kaurin hanya. Kwana huɗun nan a ruwa ku lura da su: ana tambayar ƙasar ne halinta da damina, don da rani kowace ƙasa jaruma ce.

Waɗanda ke fatauci wajen Borno sun san baƙar ƙasar nan ta yankin tafkin Chadi, wadda a ke ce wa firki. Da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta zama tabo. Shimfiɗa mata kwalta yadda ka ga dama, za ta ɗaga ta ta sauke ta kowace shekara har ta farfashe. Ɗebo dutse daga nesa kuwa tsada gare shi. Malaman sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe a kan wannan matsala. Tun cikin shekarun 1970 Farfesa S. A. Ola ya yi ta gwada cuɗa ƙasashenmu da siminti da ƙonanniyar farar ƙasa, ya ga nawa ne ke isa. Bayansa Farfesa K. J. Osinubi da ɗalibansa suka ci gaba, har suka shiga gwada tokar abin da mu ke zubarwa: ragowar rake bayan an matse, da ɓawon ɗorawa. A wasu jami'o'in kuma an gwada tokar ɓuntun shinkafa. Da na karanta maganar ɗorawar nan sai na yi murmushi, na tuna iyayenmu mata suna jiƙa makuba suna yayyafa wa daɓen ɗaki don ya yi ƙarfi. Ba abu ɗaya ba ne, nasu ruwan ɓawon ne, na jami'a tokarsa ce, kuma tokar ba ta maye gurbin siminti, sai dai ta taimaka masa. Amma bambancin da ya fi girma shi ne, kaka ta san yana aiki, ɗalibi kuwa yana auna ko kashi nawa cikin ɗari, a kan wace ƙasa, ya kuma rubuta don na bayansa.

Ruwa kuwa, ba sai na daɗe a kansa ba, kun fi ni gani. Hanyar da ba ta da doro a tsakiya don ruwa ya gangara, ba ta da lambatu a gefe, ko tana da shi mun cika shi da shara, ta riga ta mutu tun ranar buɗe ta. Girman kwalbati ma lissafi ne, ana duba littafin ruwan sama na shekaru masu yawa da faɗin ƙasar da ke zubo ruwa a wurin. Cikin watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kayan arewa ba su sauka, na kudu ba su hawa. Gada ɗaya a jihar Neja, amma har rumfunan nan an ji ta.

Akwai kuma wani reshe na karatun wanda ya fi kusa da sana'arku, don lissafin riba da hasara ne. A farkon shekarun 1970 masu bincike na Ingila da Bankin Duniya suka je Kenya, suka bi motoci a hanyoyi masu kyau da masu gargada, suna rubuta man da kowace ta sha, da tayar da ta cinye, da kayan gyara. An sake irin wannan a Barazil. Daga nan aka tabbatar da abin da kowane direba ya sani a jikinsa, aka kuma sa masa lamba: kuɗin da masu motoci ke ɓatarwa a mummunar hanya ya kan fi kuɗin gyaranta nesa. Gwamnatin da ta ƙi like ƙaramin rami ba ta yi tsimi ba. Ta ɗauke bashin ne daga littafinta ta sa a naku.

In kuwa nauyi ne ke kashe kwalta, to ina ya kamata nauyi ya bi? Dogo. Ƙarfe a kan ƙarfe, shi aka yi don siminti da hatsi da mai. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, Nguru cikin 1930, Maiduguri cikin 1964. Muna alfahari da dalar gyaɗa ta Kano, har a hoto mu ke rataye ta. Amma ku sani, abin da ya sa ta yi tsawo haka bayan yaƙin duniya na biyu shi ne reluwe ba ta da isassun kawuna da taragu da za su kwashe ta zuwa teku. Dalar nan arziki ce, kuma shaidar gazawar sufuri ce. Da reluwe ta lalace daga baya, duk kayan suka hau kwalta. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, faɗinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, tsohon kuwa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Cikin 2021 ɗin kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Inda za a haɗa su, inda za a sa tashar kaya, ko kusa da kasuwa ko a daji, duk aikin masu wannan karatu ne. In ba namu a cikinsu, wasu za su zana mana, mu kuwa mu biya ɗan dako daga daji.

Wuraren karatun suna nan, ba a bayan teku ba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 ta ke, ta gaji sashen injiniya daga kwalejin da ta riga ta a Zariya. Akwai na Bayero a Kano, da na Minna da Bauchi da Maiduguri. Cikin 1978 aka kafa cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, cikin 1986 kuma aka kafa cibiyar fasahar sufuri a Zariya. A watan Disamba na 2019 aka aza harsashin jami'ar sufuri a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, ta kuwa fara ɗaukar ɗalibai. Madalla da ita. Amma ni ba gini na ke dubawa ba. In na je, tambayata ita ce, ina kaskon awon ƙasa, yana aiki? Akwai wuta? Malamin da ya iya, an biya shi ya zauna, ko ya tafi wata ƙasa? Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne, binciken da aka riga aka yi, sau da yawa yana nan cikin kabad ƙura ta rufe shi, ɗalibi ya karɓi takardarsa ya tafi, ma'aikatar ayyuka ba ta tambaya ba, ɗan kwangila bai ji labari ba. An biya kuɗin binciken daga harajinku, an kuma biya kuɗin hanyar da ta mutu don ba a karanta shi ba.

Yaron da ke so ya shiga, abin da a ke nema gare shi shi ne ya ci lissafi da fizik da kimistiri da Turanci a jarrabawar ƙarshen sakandare, ya ci ta shiga jami'a. Karatun shekara 5 ne, a ciki akwai watannin da zai fita ya yi aiki da hannunsa a wurin gini. Bayan ya gama ya yi aiki ƙarƙashin manya, sa'an nan majalisar injiniyoyi da aka kafa cikin 1970 ta yi masa rajista. Kuma ban ce yaro namiji kaɗai ba. Yarinyar da ke riƙe wa uwarta lissafin adashi na mutum arba'in a ka, ba ta kuskure, ba lissafin kwalbati ne zai gagare ta ba.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Abin da na ke roƙo a sa cikin littafin taro shi ne, ƙungiyar kasuwa ta nemi yara biyu cikin 'ya'yanku, mace da namiji, masu ƙoƙari a lissafi, ta biya musu kuɗin jarrabawar bana. Sa'an nan ranar da aka zo gyaran hanyar da ta shigo kasuwar nan, dattawa uku su je wurin injiniyan da ke kula da aikin, cikin ladabi, su ce a nuna musu takardar awon ƙasa, a gaya musu nauyin da aka yi hanyar dominsa, da inda ruwa zai bi. Ni zan raka su da alƙalami in rubuta amsar. Mai tambaya ya tashi, a fara da iyayenmu mata da ke can baya, don na ga tun ɗazu Inna mai daddawa ta ke ɗaga hannu.